Ranar Da Inna Ladi Ta Tuƙa Mota

In ka tambayi mutanen Gyadi-Gyadi sunan mahaifin Ladi, da wuya ka samu mutum biyu da za su faɗa maka. Amma ka ce Ladi mai tuwo, ko ɗan acaɓar da ya shigo Kano shekaranjiya zai dire ka a bakin rumfarta bai tambayi kowa hanya ba. Rumfar tana wani lungu ne da ke kallon katangar asibitin koyarwa. Kwanon rufi huɗu ne a sama, benci uku a ƙasa, sai manyan tukwane biyu a kan murhu, waɗanda sai mutum biyu sun kama kafin a sauke su.

Daga wani ƙauye a ƙasar Rano mijinta Malam Isyaku ya kawo ta birni tana da goyon fari. Shi direba ne. Ya ja tifa, ya ja bas ɗin Zariya, da girma ya fara kama shi ya koma tasi a cikin gari. Suka kama ɗaki biyu a Tarauni, a nan suka haifi sauran 'ya'yansu, a nan suka aurar da su. Shekara da shekaru tana tuwon sayarwa a cikin gida, sai a shekarar da sojoji suka sauka aka koma mulkin farar hula ta fito ta kafa rumfa. A lokacin ko'ina taro ake yi, ofisoshin jam'iyya sun cika unguwa, kuma Ladi ta lura duk ihun da mutum zai yi a bakin ofis, in azahar ta yi sai ya nemi abin da zai sa a cikinsa. Ita ba ta da jam'iyya. In aka manna mata fasta a jikin rumfa ba ta cewa komai, takan bar shi har ya ɓamɓaro da kansa, sannan ta hura wuta da shi.

Amma ainihin mutanenta ba 'yan siyasa ba ne. Masu jinya ne da suka baro ƙauyukansu suka tare a harabar asibiti, da nas-nas, da ɗalibai masu farar riga, da direbobin A Daidaita Sahu. Ta san wanda mara lafiyarsa ya ji sauƙi daga yadda yake gutsurar loma. Wanda ta ga ya zauna yana kallon kwano bai taɓa ba, ba ta tambayarsa komai, sai ta ƙara masa man shanu ta wuce.

Bakinta kuwa sai a hankali. Ladi ba ta iya lallashi ba, kuma ba ta son a lallashe ta. Matan da ke taya ta aiki suna iya wanke-wanke, su kaɗa miya, su zuba wa mutane, amma muciya tata ce ita kaɗai. Doguwar muciya ce ta itacen marke, tsawonta ya kai mata ƙirji, wurin riƙon ya yi baƙi ya yi santsi saboda shekaru. In ta tsaya a kan tukunya ta buɗe ƙafafu ta fara tuƙi, har masu wucewa sukan rage sauri su kalla. Telanta ya sha yin ƙorafi cewa ita kaɗai ce yake auna wa hannun riga sau biyu, don damtsenta na dama ya fi na hagu kauri.

Wannan hannun ne ya mutu wata Talata da damina, ana ta shirye-shiryen zaɓe na huɗu tun dawowar farar hula. Da ma an daɗe da gaya mata tana da hawan jini, tana shan maganin ranar da ta tuna. Tana cikin tuƙi kafin azahar muciya ta suɓuce mata. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, maganar ta fito a karkace. Allah Ya taimake ta akwai nas biyu a kan benci suna jiran a kwashe tuwo, su suka gane shanyewar ɓarin jiki ce, suka tare mota aka tsallaka da ita asibiti. Ta yi mako biyu a kwance. Ƙafa ta dawo, ko da yake tana ɗan ja. Magana ta dawo, har da faɗan. Hannun dama ne dai ya zauna a gefenta kamar na aro.

Da aka sallame ta gida ya cika da 'yan dubiya, kuma duk bakinsu ɗaya. Sannu Inna, ai jiki ya yi kyau. Sannu Inna, ai kin warke. In ta yi ƙoƙari ɗan yatsa ya motsa, sai ɗaki ya ɗauki Masha Allah kamar ta sauke Alƙur'ani. Ladi ta san ƙarya suke yi, ta kuma san don ƙauna suke yi, shi ya sa abin ya fi ci mata rai, don ba ta da bakin yi musu faɗa. A sashen gashin ƙashi aka ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa, aka ce ta riƙa hawa bango da yatsu. Ta je sau biyu ta ce ta gama.

“Ni da nake tuƙa rabin buhu a yini,” in ji ta, “a zaunar da ni a gaban mutane ina matsa ƙwallo? Malam, in ka sake tayar da motar nan don ni, kai kaɗai za ka tafi.”

'Yarta Hasana, wadda ke aure a Ƙauyen Alu, ita ta karɓi rumfa. Kullum takan aiko da tuwo a kula. Ladi takan ɗanɗana ta ture, ba yabo ba suka. Wannan shirun ne ya fi komai tayar wa Malam Isyaku hankali, don tun da ya aure ta bai taɓa ganin ta ci tuwon wata ta rasa abin cewa ba. Ya ajiye tasinsa a ƙofar gida ya lulluɓe ta da tamfol, ya zauna jinya. Muciyar da Hasana ta dawo da ita, don ta yi mata nauyi, aka jingine ta a bayan ƙofa. Ladi ta sa aka juya mata katifa yadda ba za ta riƙa ganinta ba.

Cikin masu zuwa dubiya akwai Zulaihat. Tun tana ɗaliba take cin tuwo a rumfar, yanzu ma'aikaciya ce a sashen gashin ƙashi, tana aure a Darmanawa da 'ya'yanta biyu. Ita ba ta ce jiki ya yi kyau ba. Ta ɗaga hannun ta lanƙwasa ta miƙe, ta mayar ta ajiye, da za ta tafi ta ce Malam Isyaku ya raka ta zaure.

“Baba, gaskiya zan gaya maka,” in ji ta. “Hannun nan bai mutu duka ba, akwai sauran rai a ciki. Amma watannin farkon nan su ne komai. In ta ci gaba da ajiye shi haka, kafaɗar za ta sandare, daga nan ko ta so ba zai ɗagu ba.”

“To ya zan yi da ita, 'yar nan? Kin san halinta.”

“Na sani. Bari in yi tunani.”

Ranar Asabar da hantsi ta dawo da kwali a hannu. A ciki akwai wata farar na'ura ta wasan talabijin da mijinta ya sayo wa yara lokacin da ya je kwas ƙasar waje. Irin waɗannan na'urori ba baƙi ba ne a Kano, ko a Tarauni akwai shagunan da samari ke cika suna buga ƙwallo a talabijin. Sai dai waɗancan da maɓallai ake yin su, mutum ya zauna kamar an dasa shi, manyan yatsunsa biyu ne kawai ke aiki, kuma sai ya haddace wane maɓalli ne na gudu, wane ne na bugu. Wannan kuwa daban take. Abin riƙonta wani farin rimot ne kamar guntun rake, da igiya da ake zura wuyan hannu a ciki, kuma motsin hannu yake ji. In ka ɗaga hannu, abin da ke cikin talabijin ya ɗaga. In ka karkata, ya karkata. Zulaihat ta ji a wajen aiki ana cewa a wasu ƙasashe an fara gwada irinta a kan masu shanyewar jiki, ta ce bari ta gwada a kan mai taurin kai.

Ladi na zaune a tabarma gaban talabijin, ta harari kwalin.

“Yanzu ni za a kawo wa wasan yara? Lalacewar tawa har ta kai nan?”

“Wa ya ce ke na kawo wa, Inna? Baba na kawo wa. Na ga zaman gida ya ishe shi, ya kwana biyu bai riƙe sitiyari ba.”

Ta haɗa wayoyi, ta sa faifan tseren motoci. Malam Isyaku yana kan kujera a bayan Ladi, Zulaihat ta nuna masa yadda zai riƙe rimot ɗin a kwance da hannu biyu, ya riƙa murza shi kamar sitiyari. Nan da nan ya gane, ba a sake yi masa bayani ba. Matsalar ita ce Malam Isyaku direban kirki ne. Shekara talatin da ɗoriya bai taɓa buge ko akuya ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ya fara yau ba. In ya zo kwana sai ya rage gudu. In mota ta taho a bayansa sai ya raɓe ya ba ta hanya. Har tambaya ya yi ina sigina take. Aka yi tsere uku, duka ukun shi ne na goma sha biyu cikin mota goma sha biyu.

Ladi ba ta ko waiwaya ba, idonta na kan talabijin. Da farko ta yi kamar ba ta kallo. A tsere na biyu ta yi tsaki. A na uku ta kasa haƙuri.

“Malam, wai wannan jar motar da kowa ke wucewa ita ce taka?”

“Ita ce.”

“Shekara talatin kana cika mana baki. Ashe haka kake yi a titi.”

“Su waɗannan ba direbobi ba ne, mahaukata ne. In kin ga da sauƙi, ungo, tuƙa mu gani.”

Ya miƙo rimot ɗin ta kan kafaɗarta. Zulaihat ba ta bari maganar ta huce ba, ta yi wuf ta karɓa, ta zura igiyar a hannun Ladi na dama, ta naɗe mata yatsun a jikinsa ɗaya bayan ɗaya, ta danna aka fara tsere.

“Bismillah, Inna. Tuƙa.”

To, Ladi ba ta ga yadda mijinta ya riƙe abin ba, tunda yana bayanta. A motarsa ma kullum baya take zama tana kallon taga. A duniyarta tuƙi iri ɗaya ne. Sai ta tsayar da rimot ɗin a tsaye, ta ɗora hannun hagu a sama, na dama a ƙasa, ta gyara zama, ta ɗan sunkuya, ta shiga juya shi a iska tana dannawa tana jawowa kamar mai tukunya a gabanta. Jar motar ta yi hagu, ta yi dama, ta juya ta fuskanci inda ta fito, ta daki katanga, ta faɗa cikin ruwa.

Malam Isyaku ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Rabonsa da dariya tun ranar Talatar nan. Yana share hawaye yana cewa, “Mota aka ce ki tuƙa, Ladi, ba tuwo ba.”

Ran Ladi ya ɓaci sosai. Kunya ta kama ta, irin wadda ta gudo wa a asibiti, ga ta ta biyo ta har ɗakinta. Ta kai hannun hagu za ta fizge igiyar. Zulaihat ta riƙe ta. Ita ba ta yi dariya ba, don tun da aka fara ba talabijin take kallo ba.

“Inna, sake yi.”

“In sake ku ji daɗin dariya?”

“Inna, kafaɗarki ta motsa. Gwiwar hannunki ta bar jikinki ta zagaya ta dawo, sau huɗu ina ƙirgawa. Na hagun ne ya ja, amma na daman ya bi shi. Wata biyu ke nan ban ga ya yi haka ba.”

Malam Isyaku ya daina dariya. Ladi ta dubi hannun kamar baƙon da ya yi sallama. Ta sake juyawa a hankali, wannan karon tana kallo. Ya bi. Da zafi, kuma zagayen bai fi bakin kofi ba, amma ya bi. Malam Isyaku ya tashi ya ce zai duba ko an rufe ƙofar gida, ya daɗe bai dawo ba.

Daga baya in ana ba da labarin, Ladi takan ce da gangan ta yi don ta nuna musu tuƙin gaske. Babu wanda ya taɓa musa mata.

Washegari Zulaihat ta zo da wani faifan, na wasan girki. Tukunya ce ke fitowa a talabijin, da ludayi a ciki, in ka juya rimot ludayin ya juya. In ka yi sanyi abin ya kama, in ka yi garaje ya zube. A ƙarshe na'urar ta ba ka taurari, daga ɗaya zuwa uku. Ladi ta leƙa tukunyar ta taɓe baki.

“Wannan ruwan ne miya? Ba daddawa, ba komai. Allah sarki, ashe haka mutanen nan ke fama.”

Ta juya iya ƙarfinta har aka ƙare. Tauraro ɗaya ya fito, da wani ɗan kiɗa mai kama da tsokana.

“Me ya ce?”

Zulaihat ta faɗi gaskiya. “Ya ce ɗaya kika ci cikin uku. Wai da saura.”

“Ni?”

“Ke, Inna.”

“Ni Ladi, akwati zai ce ban iya juya tukunya ba? Mayar da shi farko.”

A nan ne Zulaihat ta san ta samu abin da take nema. Na'urar ba ta san Ladi ba, ba ta san shekarunta ba, ba ta taɓa cin tuwonta ba, saboda haka ba ta jin nauyinta. Ba ta cewa sannu. In hannu ya zagaya da kyau ta nuna, in bai zagaya ba ta nuna, kuma ko ɗan ƙarin da ido ba zai gani ba ita tana gani. Ba a buƙatar karatu, ba a buƙatar haddace maɓalli, abin da jiki ya riga ya sani shi ake yi. Ga shi a cikin ɗaki ne, ba layi, ba idon jama'a. Matar da aka yi ta roƙo ta matsa ƙwallo sau goma ta ƙi, sai ga ta tana juya hannu sau ɗari don haushin akwati, har sai an ƙwace.

Bayan mako guda ta ce rimot ɗin ba shi da nauyi, hannunta bai san yana riƙe da komai ba, shi ya sa ake cutarta. Malam Isyaku ya tashi. Ya fita ya buɗe but ɗin tasi, ya yanko robar tsohon tiyub, ya ɗauko muciya daga bayan ƙofa, ya ɗaure rimot ɗin a jikinta tamau kamar yadda yake ɗaure kaya a saman mota. Da ya miƙa mata, Ladi ta daɗe tana shafa wurin riƙon da hannun hagu. Zulaihat ta duba ta ce muciyar ta yi nauyi a ɗaga ta a iska, sai dai a jingina ƙasanta a cikin wani abu. Aka kawo tsohuwar tukunya aka ajiye a tsakar ɗaki gaban talabijin. Da farko ba komai a ciki. Bayan wasu makonni aka zuba dusa busasshiya, daga baya aka riƙa yayyafa mata ruwa don ta yi ƙarfi.

Wutar lantarki ce babbar abokiyar faɗa. Malam Isyaku ya koma mai gadin ƙwan lantarki, yana zaune a tsakar gida da carbi, ido ɗaya a kan ƙwan. Da ya kama sai ya ce, “Ladi, an kawo,” ita kuma ko barci take ta tashi. Matan maƙwabta suka ji labari suka fara shigowa kallo, kallo ya koma gwaji. Wata amarya da ke gidan gaba ta ci taurari uku tashin farko, Ladi ta ce ai shi akwatin ba ya ɗanɗanawa, da ya san gaskiya. Duk da haka ranar Ladi ba ta yi barcin rana ba, sai da ta ci taurari biyu.

Ba kullum ake jin daɗi ba. Akwai ranakun da kafaɗar ke yi mata zugi ta kasa ko ɗaga muciyar. Akwai ranar da ta koma tauraro ɗaya bayan ta yi kwana goma tana cin biyu, ta kifa kai a kan gwiwa ta yi kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba ko a asibiti. Malam Isyaku ya zauna kusa da ita, duk kalmar da ta zo bakinsa sai ya ga sannu ce, ya haɗiye.

Zulaihat kuma ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce na'urar ba magani ba ce, ta dai sa ta motsa ne. Kafaɗa da gwiwar hannu suna dawowa, amma yatsu ba sa riƙo, kuma wasan girki ba zai gyara yatsu ba.

“To me zai gyara su?”

“Ƙwallon nan da kika jefa ƙarƙashin gado. Da kuma dawowa wurinmu duk Laraba.”

Ladi ta yi tsaki, amma da yamma aka ga Malam Isyaku yana laluben ƙarƙashin gado da sanda, ranar Laraba kuma ya yaye tamfol ɗin tasi. A hanyar dawowa ce ta yi tambayar da ta daɗe tana cinta. Zulaihat na gaba, don za a sauke ta a Darmanawa.

“Zulai, babbar tukunyar rumfa fa?”

Zulaihat ta juyo ta dube ta. “Ban ce ba zai yiwu ba, Inna, ikon Allah ya fi haka. Amma a abin da na sani, da wuya. Wannan ki bar wa Hasana.”

Ladi ta mayar da fuska taga. Da suka iso gida, kwana biyu ba ta taɓa muciya ba ko da an kawo wuta. A rana ta uku ta ce a mayar da wasan girkin farko.

Wata huɗu da zuwan na'urar, wata Alhamis bayan la'asar, ta ce wa Malam Isyaku ya kwance rimot ɗin daga jikin muciya, ya wanke muciyar, ya aika wa Hasana kada ta kawo tuwon dare. Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta, ya tashi ya yi yadda ta ce.

A tsakar gida ta hura murhu da kanta. Ƙaramar tukunya ta ɗora, wadda ba ta wuce cin mutum biyu ba. Ruwa ya tafasa ta yi talge da garin masara, ta rufe ya dahu, ta kaɗa miyar kuka a gefe da hannun hagu. Sannan ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta riƙe muciya can ƙasa, ta fara zuba gari. Juyi biyu ta yi tukunyar ta goce ta kusa kifewa. A rumfa nauyin tukunya ne ke riƙe kanta, wannan kuwa ba ta da nauyi, kuma Ladi ba ta da hannu na uku.

Malam Isyaku yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa tsugunawa gaban murhu ba. Ya cire hularsa ya ajiye a kan taga, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki tsumma, ya durƙusa ya kama kunnuwan tukunyar. Hayaƙi ya shiga idonsa, tururi ya daki fuskarsa, bai saki ba. Wata maƙwabciya ta yi sallama ta leƙo, ta ga dattijo a durƙushe gaban matarsa, ta koma da baya ba ta ƙarasa sallamar ba.

Ladi ta tuƙa. Tuwo ba dusa ba ne, yana kama muciya yana riƙewa, sau uku yatsunta na saki tana mayar da su da ɗaya hannun. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Abin da da take yi kafin mutum ya gama wanke hannu, yau sai da rana ta kusa faɗuwa. Ta rufe ya turara, ta kwashe da mara, malmala biyu, ɗaya ta fi ɗaya girma. Ta zuba miya ta tura masa kwano a kan tabarma.

Ya wanke hannu ya yi bismillah. Ita ba ta ci ba, ta zuba masa ido. Loma ta farko lafiya. A ta biyu haƙorinsa ya ci karo da ɗan gari da bai narke ba. Masha Allah na bakinsa, ta riga ta hau harshe, kuma ya san in ya faɗa za ta gyaɗa kai ta tashi ta shige ɗaki. Tausayinta ya kama shi. Ya haɗiye lomar, ya ƙara ci, sannan ya yi magana bai ɗago kai ba.

“Da gudaji, Ladi.”

“Nawa?”

“Na ci karo da biyu.”

Ta jawo kwanon gabanta, ta shiga danna sauran malmalar tana lalube. Can ta tsaya, ta ciro wani ta ɗaga masa.

“Uku ne. Ka ga wannan ka kauce masa.”

“Ban gan shi ba.”

“Ka gan shi.”

Ta mayar masa da kwanon. Hawaye na bin fuskarta ba ta share ba, bakinta kuma yana rawa kamar mai shirin dariya. Malam Isyaku ya ci gaba da cin tuwonsa har ya suɗe kwanon, ita tana kallon kowace loma. Da ya gama ta miƙa masa ruwan wanke hannu.

“Laifinka ne ma,” in ji ta. “Kai kake bari tukunyar tana rawa. Gobe ka riƙe ta da kyau.”

Ya ce to.